Zakariyya'u da Shingen Madam Irene

Malam Zakariyya'u mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Ko a wurin ɗaurin aure, kafin a raba goro ya tashi sau uku. Ya leƙa lasifikar da ke gurnani, ya taɓa soket, ya bi wayar da aka jawo daga gidan maƙwabta da ido har ya ga inda ta ƙare. Matarsa Hajara ta ce shekara talatin da ɗaya suna tare a Unguwar Mu'azu, ba ta taɓa ganin ya ci tuwo yana kallon kwano ba. Hannunsa yana cikin miya, kunnensa yana waje.

A Makera aka haife shi. Ubansa Babarbare ne da ya zo Kaduna a jirgin ƙasa da kwandunan bandar kifi, ya ce zai yi wata ɗaya ya koma, ya mutu a nan bayan shekara arba'in. Zakariyya'u yana da shekara goma sha tara ya shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, aka ba shi sashen lantarki. A ɗakin saƙa injuna sun fi ɗari biyu, duk suna ruri lokaci guda, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi sai da hannu. A cikin wannan rurin ya koyi sana'arsa. Sai ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya karkata kai, ya ce, “Na layi na huɗu, na uku daga bango, zai ƙone kafin a tashi.” In an buɗe a tarar haka ne.

Ranar da aka rufe masaƙar bai yi kuka ba kamar yadda wasu dattawa suka yi a bakin ƙofa. Shirun ne ya dame shi. Ya yi wata biyu yana zagaya tsakar gida yana kwance fankar da ba ta lalace ba. Daga nan ya kafa tebur a Tudun Wada yana gyaran rediyo, har wayar salula ta zo ta kwashe masa mutane. Ya koma haɗa sola. Da masu hali suka fara sayen gonaki a kudancin gari suna kewaye su da waya mai wuta, sai ya bi su can, ya tarar da aikin da ya dace da ƙafarsa. Gyaran shinge tafiya ce. Ba a yin sa a zaune.

Shingen ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Akwati ne guda a rataye a bango, da batir, da farantin sola a kan rufi. Kowace daƙiƙa akwatin yana tura wuta cikin waya, kas, kas, kas, kamar bugun zuciya. Ba ta kisa. Cizo take yi, irin wanda saniya ba ta mantawa. Amma waya doguwa ce, tana ratsa ciyawa da tururuwa da ruwan sama, kuma duk inda wani abu ya taɓa ta, wutar tana zurarewa ta nan. Neman wurin da take zurarewa shi ne aikin Zakariyya'u.

A jakarsa akwai mitar gwada wuta, da filaya, da wata ƙaramar rediyo baƙa da ta rage masa daga teburin Tudun Wada. Ba ya kama tasha da ita. Yakan murɗa ta ya bar ta tsakanin tasha da tasha, inda ba a jin komai sai shuu, ya kanga ta a kunne, ya bi waya. Duk inda wuta ke tsalle, rediyon sai ta fara ƙyas, ƙyas, tana ƙara ƙarfi yana matsowa. Manoman da ke wucewa sun ɗauka labarai yake ji. Wasu har sukan tsaya su tambaye shi abin da aka ce.

Wata Talata cikin watan Maris, lokacin da zafi ke sauka tun hantsi, Madam Irene ta kira shi. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta zuba ƙarfinta a wata gona bayan Gonin Gora, inda take kiwon shanu goma sha huɗu. Zakariyya'u ne ya kafa mata shinge shekara uku da suka wuce. Shi ne kuma ya kawo mata Baba Bello, dattijon Bafulatanin da ke kula da shanun yana gadin gonar.

“Malam Zakari, ka zo yau,” in ji ta. “Ba gobe ba. Yau.”

Hajara ta biyo shi har zaure da kofin kunu. “Baban Fiddausi, sha wannan. Shanun ba za su gudu ba.”

“Ai guduwar suke yi, shi ya sa aka kira ni.” Ya kurɓa sau biyu a tsaye, ya miƙa mata, ya tada babur.

Da ya isa ya tarar da mutum uku, kowa a inuwarsa. Madam Irene tana kan kujerar roba a bakin ɗakin ajiya. Ɗanta Ben, wanda ke aiki a gari yana zuwa gonar ƙarshen mako, yau ya bar aiki ya zo, yana jingine da motarsa, ya naɗe hannu. Baba Bello kuma yana can gindin mangwaro, a kan buzunsa, sandarsa a kan cinya, kayansa a ƙulle cikin tsohon zane kusa da shi.

Ƙullin nan Zakariyya'u ya fara gani.

“Injiniya, sannu da zuwa,” in ji Ben. “Bari in taƙaita maka. Sau uku cikin sati biyu shanun nan suna fita. Jiya sun shiga lambun Jethro, maƙwabcinmu, sun cinye masa kabeji layi shida. Mutumin ya zo nan yana ihu kamar zai cinye Mama. To ni ma na sayi mita. Duk lokacin da na zo na gwada, wuta na nan, dubu bakwai cif. Duk lokacin da na juya baya, shanu suna waje. Kai da ka sani, faɗa mini. Wuta tana kashe kanta ne?”

“Ba ta kashe kanta.”

“Yawwa. To wani ke kashewa. Kuma ka san abin da ke faruwa a ƙauyukan nan. Shanu ba sa ɓata haka kawai, sai an buɗe wa ɓarayi hanya. Ana koya musu fita ne tukuna.”

Bai kalli gindin mangwaro ba da ya faɗi haka. Ba sai ya kalla ba.

Madam Irene ta share fuska da gefen ɗankwali. “Malam Zakari, kai ka kawo mini Baba, ban taɓa samunsa da komai ba. Amma kwana biyar ke nan ban huta ba. Ka duba shingen nan. In akwai matsala a jikinsa, Baba yana nan. In babu, zan sallame shi yau kafin rana ta faɗi. Ba na so. Amma ban san abin da zan yi ba.”

Zakariyya'u ya san abin da wannan sallamar take nufi. Ba rasa wurin kwana kaɗai ba ne. Dattijon da aka kora daga gona saboda ana zargin yana buɗe wa ɓarayin shanu hanya, labarinsa zai riga shi isa duk gonar da ke kan wannan titi. Ba mai sake ba shi ko akuya ya riƙe.

Ya ƙarasa gindin mangwaro ya tsuguna. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa na gado, kuma su biyun ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun taɓa shi ba.

“Kai Bafillace, har ka ɗaure kaya? Wa ya ba bawana izinin tafiya?”

Baba Bello ya ɗaga ido. Ya so ya yi murmushi, bakin bai yarda ba. “Babarbare, bar wasa yau. Je ka ka duba wayarka.”

“Ka kashe?”

“Ban kashe ba.”

“Shi ke nan.”

Ya fara daga akwati. Batir cike, fitila tana ƙiftawa, kas, kas. Ya leƙa bayan ɗakin ajiya, inda wata waya ta fita ta kama wani ƙarfe da ya kafa a ƙasa, ya ja ta ya ji tana nan daram, ya wuce. Ya kunna rediyo, ya kama hanya.

Shingen ya kewaye fili mai faɗi, ya gangara wajen wani busasshen rafi, ya hau ta bayan lambun Jethro, ya dawo. Zakariyya'u yana tafe yana duba kowace roba da ke riƙe waya a jikin turke, yana lanƙwasa kowane ƙulli ya ga ko tsatsa ta ci shi. Rana ta hau. Ƙasa ta yi fari, ta tsage kamar tafin ƙafar manomi. Ba iska. Kurciya ɗaya tana kuka a wani wuri, ta yi shiru, ta sake. Rediyon tana shuu a kunnensa, shuu ɗin da ba ya ƙarewa, kamar ruwan da ke zuba a wani gari mai nisa.

Kusa da rafi ta ce ƙyas. Ya matsa, ya tarar da ƙadangare ya mutu ya bushe tsakanin waya da turken ƙarfe. Ya ture shi da tsinke, ya gwada mita. Bambancin bai kai a faɗa ba. Gaba kaɗan ya sami roba ɗaya da rana ta fasa, ya canza. Ya sare wani reshen ƙaya da ya sunkuyo. Duk ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda kowane shinge ke ɗauke da su yana aikinsa.

Ya tsaya da fasasshiyar robar a tafin hannunsa, yana juya ta. Zai iya komawa ya ɗaga ta sama ya ce ga matsalar. Madam Irene za ta yarda, don tana neman abin da za ta yarda da shi. Ben zai yi gunaguni ya shiga mota. Baba Bello zai kwance ƙullinsa. Sai dai bayan kwana uku shanu za su sake fita, kuma ranar ba wanda zai kira mai gyara. Ya jefa robar cikin jaka, ya ci gaba.

A teburin Tudun Wada ya fara sanin Bello. Wani dogon mutum ne ya zo da rediyo a naɗe cikin rawani, ya ce a gyara, ya zauna a benci har yamma bai ce komai ba. Sai da aka kira magariba ya faɗa, kamar mai ba da labarin wani, cewa shanunsa talatin da bakwai aka kora a rana ɗaya, wajen Birnin Gwari, yana tsaye yana kallo. Rediyon ce kaɗai ya fito da ita. Tun daga ranar yakan zo ya zauna a bencin nan, Zakariyya'u yana kai da komo yana surutu, shi yana shiru. Da Madam Irene ta ce tana neman wanda ya san shanu, Zakariyya'u bai yi tunani sau biyu ba. Wannan mutumin ne yau ake cewa yana buɗe wa ɓarayi hanya.

Ya gama zagaye ya dawo, riga ta manne masa a baya.

“To?” in ji Ben.

“Ban gama ba.”

“Ka zagaya gaba ɗaya, ina kallonka.”

“Na ce ban gama ba.”

Ya sake kama hanya, wannan karon ta baya. Ya cire mahaɗin shingen kashi-kashi, ya gwada kowane kashi shi kaɗai. Gabas lafiya. Kudu lafiya. Wajen lambu lafiya. Duk inda ya ɗora mita sai ta ba shi amsar da ta ba Ben. Bai taɓa jin haushin kayan aikinsa kamar yau ba. Kowane turke da ya wuce ya same shi lafiya, ji yake kamar shi ne ke ƙara ɗaure ƙullin da ke gindin mangwaro.

A kusurwar da ke kallon lambun Jethro ya tsaya ya share gumi. Wata farar saniya mai karyayyen ƙaho ta taho a hankali, tana kallon koren kabeji ta tsakanin wayoyi. Ta miƙa wuya. Ta ɗora shi a kan waya. Zakariyya'u ya tsaya yana jiran ta zabura. Fatar wuyanta ta ɗan girgiza, kamar ƙuda ya sauka, shi ke nan. Ta ci gaba da goga wuyanta a jikin waya tana lumshe ido.

Ya ruga ya kore ta, ya ɗora mita a daidai wurin. Dubu bakwai.

Ya juya ya nemi wanda ya gani. Ben yana cikin mota, gilashi a rufe, yana waya. Madam Irene ta sunkuyar da kai. Ba shaida sai shi da saniya. Ga wuta a waya, ga dabba tana soshe-soshe da ita. Ya zagaya turken sau biyu. Ya buga rediyon a cinya. Ya tafi taku goma, ya dawo. Kansa ya cika da shuu, ba abin da ke fitowa.

Daga wani ƙauye can nesa aka kira azahar.

Ya zo gindin mangwaro. “Ba ni butarka.”

Bello ya miƙa masa. Zakariyya'u ya nufi bayan ɗakin ajiya, inda ya saba tsugunawa ya yi alwala lokacin da yake kafa shingen.

“Ba nan ba,” in ji Bello. “Mun tashi daga nan. Madam ta gina mana wuri.”

Ya nuna masa da sanda. Can ɗaya gefen, kusa da rijiyar burtsatse, an yi wani ɗan dandamali na siminti mai kyau, da mazauni uku, da famfo. Zakariyya'u ya zauna, ya yi bisimilla, ya wanke hannu. Ruwan ya zuba a kan siminti, ya taru, ya bi wata 'yar hanya da aka fafe masa, ya shige bututu. Ya bi bututun da ido, kamar yadda yake bin kowace waya, har ya ga inda ya ƙare, can gindin ayaba, nesa da ɗakin ajiya. Ayabar ta yi kore shar a tsakiyar wannan fari.

Ya wanke fuska. Ya wanke hannun dama. Sai ya tsaya, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa.

“Bello. Yaushe aka gina wannan?”

“Bayan Kirsimeti. Ta ce ba ta son ganinmu muna tsugunawa cikin caɓi.”

“Da can ku nawa ke alwala a bayan ɗakin?”

“Ni da masu yankan ciyawa biyu. Nan muke wanke kwanuka ma. Nan muke wanka. Me ya faru?”

Zakariyya'u ya daure ya ƙarasa alwala. Ya yi salla, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa Allah ya yafe masa wannan sallar, don rabin zuciyarsa tana bayan ɗaki. Yana sallamewa ya miƙe.

Ƙarfen yana nan inda ya kafa shi. Da safe waya kawai ya duba, bai kalli ƙasa ba. Yanzu ya kalla. Shekara uku da suka wuce, cikin rani irin wannan, ya zagaya gonar yana neman wuri mai laima, ya tarar da wannan lungu da ciyawa kore, ƙasa baƙa mai sanyi. Ya ce a ransa akwai ruwa a ƙarƙashi. Har ya yi wa Madam Irene alfahari cewa ya samo mata wurin da ba ya bushewa, ƙarfe ɗaya ya isa, ba sai an kafa uku kamar yadda aka saba ba. Bai tambayi kowa daga ina laimar take zuwa ba. Yau ciyawar ta zama toka-toka. Ya soka sukundireba, ta ƙi shiga.

Ya daɗe a tsugune, abin da bai saba ba. Sannan ya tashi ya kira su duka.

Ya ɗauki tsohon kwanon rufi da garma biyu, ya tafi da su can nesa, ya jingina su a jikin waya suna taɓa ƙasa. Ya dawo.

“Oga Ben, wancan kwanon shi ne saniya. Zo ka ɗora hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan ƙarfen nan.”

“Don me?”

“Ai kai ma kana da mita. Wannan gwajin ba ya son mita.”

Ben ya kalli uwarsa, ya ja wandonsa sama, ya tsuguna. Ya taɓa. Sai ga shi zaune a ƙasa yana yarfe hannu.

“Yesu! Kai, Injiniya, kashe ni za ka yi?”

“Da shingen yana lafiya, da ba ka ji komai ba.” Zakariyya'u ya juya wajen Madam Irene. “Madam, wuta ba ta tafiya sai ta san hanyar dawowa gida. Tana fita daga akwati, ta bi waya, ta shiga jikin saniya, ta sauka ƙasa, ta biyo ta ƙarƙashin ƙasa ta dawo ta wannan ƙarfen. In ta dawo da ƙarfi, saniya ta ji cizo. In ƙasar da ke riƙe da ƙarfen ta bushe, hanya ta toshe. Mita ba ta jan komai, shi ya sa take ganin wuta cike. Saniya kuwa sai ta ji kamar susa.”

“Amma shekara uku yana aiki,” in ji ta.

“Shekara uku ana zuba masa ruwa sau biyar a rana.”

Ta kalli bayan ɗakin, ta kalli dandamalin siminti. Ta dafe ƙirji. “Wayyo. Ashe ni ce.”

“Ba ke ba ce. Kin yi abin kirki.”

Ben ya miƙe yana kaɗe wando. “Labari ne mai daɗi. Ni dai sai na gani.”

Suka haƙa ɗan rami kewaye da ƙarfen. Zakariyya'u da Bello suka yi ta jido ruwa daga famfo, jarka bayan jarka. Ƙasar tana sha tana ƙara kamar mai a kasko, ƙamshin ruwan farko yana tashi a ranar da ba gajimare ko ɗaya. Sun zuba goma sha biyu kafin ta daina haɗiyewa nan take. Zakariyya'u ya ce a jira ya ratsa. Ya janye kwanon rufi da garemani. Jiran ya fi zagayen wuya. Ya je wajen akwati, ya dawo, ya leƙa rami, ya ƙara jarka ɗaya, ya dubi rana. Ta fara karkata. In ruwan bai kai inda ya kamata ba, in akwai wata matsala bayan wannan, ba shi da sauran abin da zai nuna.

Bayan la'asar Bello ya ɗebo dusa a kwano, ya ajiye ta a wajen shinge, taku ɗaya daga waya. Ya yi wani ɗan kira a maƙogwaro. Farar saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta ɗago kai, ta taho tana rangaji, ba ta ko rage tafiya ba, don ta riga ta raina wayar. Ta miƙa hanci.

Kas.

Ta yi wani irin kuka, ta ja da baya da ƙafa huɗu a sama, ta juya ta zura da gudu wutsiya a miƙe, sauran shanun suka watse tare da ita. Sai da ta kai tsakiyar fili ta tsaya, ta waiwayo tana huci, tana kallon wayar kamar wadda aminiya ta mara.

Ba wanda ya yi dariya sai can Madam Irene ta saki wata gajeriya, ta rufe baki, ido ya cika da hawaye.

“To laifin wa ke nan?” in ji Ben.

“Nawa,” in ji Zakariyya'u. “Ƙarfe uku ake kafawa, a zurfafa, a raba su. Na kafa ɗaya don na ga ciyawa kore. Ban tambaya ba.”

“Ka san mutum nawa na ba lambarka? Ina ce musu kai ne ka fi kowa a Kaduna?”

“Ka kira su ka faɗa musu abin da ka gani. Gara su ji.”

Ben ya tsaya yana murza yatsun da wuta ta ciza. Uwarsa ta tashi daga kujera, ta taka har gaban Bello, ta ɗan rusuna, abin da gwiwoyinta ba sa so.

“Baba, ka yafe mini.”

Ta waiwaya ta kalli ɗanta, ta ci gaba da kallonsa har ya matso.

“Baba, a yi haƙuri,” in ji Ben, yana kallon ƙasa. “Abin ne ya rikice.”

Bello ya jingina da sandarsa. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

“An tambaye ni, na ce ban kashe ba. Ba a yarda ba sai da saniya ta faɗa.”

Madam Irene ta kalli ƙullin da ke gindin mangwaro.

“Za ka zauna?” in ji Madam Irene a hankali.

Ya kalli shanun da suka taru can tsakiyar fili. “Ba su sha ruwa ba tun safe,” in ji shi. Ya saɓa sanda a kafaɗa, ya buɗe ƙofar shinge, ya shiga wurinsu.

Madam Irene ta ce wa Zakariyya'u ya zauna a kawo abinci. Ya ce zai dawo gobe da sassafe da ƙarfe uku da guduma, kafin nan a riƙa zuba jarka biyu safe da yamma. Yana magana yana cusa kaya a jaka. A kan babur, kafin ya kai bakin titi, ya fara lissafa gonakin da ya yi wa shinge a shekarun nan. Ta hanyar Kachia akwai biyu da ya kafa wa ƙarfe ɗaya. Akwai ta wani Isaac a Kakau, inda ya ga laima a bayan kicin ya yi murna. Ruwan sama saura wata guda, ko fiye. Kuma a kowace gona akwai wani mutum da ke kwana kusa da akwati, wanda za a fara kallo in dabba ta fita.

Da ya iso babban titi, gida yana hannun dama. Ya dubi rana, ya ga da sauranta kaɗan, ya karya hagu, hanyar Kakau.